Zaren da Ke Riƙe Suna

A Tepetlaoztoc ni ne mai zanen kawunan mutane.
Nakan shimfiɗa takardar ɓawon ɓaure,
in zana kai, ba wuya, ba kafaɗa,
in ja siririn zare daga ƙeya
in ɗaura masa suna.

Ayotoch manomi, na ba shi zomo sanye da ƙoƙon kunkuru.
Quiyauh, ɗigon ruwan sama ne,
ina karkata su kada a ƙirga su cikin haraji.
Tsohuwa Necahual, Wadda Aka Bari,
ta hana ni barci kwana biyu.
Ina mutum zai ga surar bari?
Ƙarshe na zana sawun ƙafa yana juya mata baya.
Ta leƙa, ta yi tsaki, ta ce ya yi.

Lissafi ba ya wahalar da ni haka.
Ɗigo ɗaya, ɗaya ne.
In yatsun hannu da na ƙafa suka ƙare
sai in kafa tuta: ashirin.
Gashin tsuntsu, ɗari huɗu.
Jaka, dubu takwas,
ita kuwa ban taɓa zana ta don mutane ba,
sai don 'ya'yan koko da ake loda wa masu gemu.

Bara unguwarmu tuta huɗu ce da ɗigo shida.
Bana, bayan zazzaɓin nan mai fitar da jini ta hanci,
an ce in sake ƙirgawa.
Ƙa'ida sananniya ce:
wanda ya rasa mata, a sa masa hawaye a kumatu,
wanda ya tafi, a shafe fuskarsa da baƙi.
Tawada ta ƙare mini sau uku kafin rana ta yi tsaka.
Zomo ya yi baƙi. Ruwan sama ya yi baƙi.
Necahual tana nan, sunanta ya cika.

Tuta ɗaya, ɗigo tara.

A layi na ƙarshe akwai ƙaramin kai
da na zana da hannun da ya yi masa wanka.
Cuixtli. Shirwa.
Na shafa baƙin, tunda aiki aiki ne,
magatakardan limami yana tsaye a kaina yana hamma.
Da ya juya yana neman inuwa
na sa farce
na kankare zaren.

Wanda duk ya buɗe shafin nan
zai ce mai zane ya yi mantuwa:
ga kai babu suna,
ga tsuntsu can sama, ba a ɗaure ba.