'Yan Aiken Hanji

Tun isha ban sa komi a baki ba.
Haka Tasalla mai awo ta ce:
"Ki zo da sassafe, ciki wayam."

Na bar gyaɗar ƙulina a Mokoyo,
kabu-kabu ya dire ni babban asibiti.

Ta ɗaure mini dantse, ta ja jini,
ta miƙo kofin kunu, ta dubi agogo.
Rabin awa, ta sake ja.
Awa guda, ta sake.

Na ce: ciwo na ciki, me ya kai ki hannu?
Ta ce hanji yana da 'yan aike
masu bin jini su kai wa kai labari,
wani ya ce yunwa, wani ya ce an ƙoshi.
Hanjin da ya shekara shida da gyambo,
'yan aikensa kan zuƙa ƙarya.

Ashe shi ya sa loma biyu ke cika ni,
ni da ke share akushi,
yau zanena ya zagaye ni sau biyu.

Ƙirga su, Tasalla.
In kin kama maƙaryacin,
rubuta sunansa a takarda,
in kai wa gwaggona
mai cewa yanga nake wa tuwonta.