Sai Laraba

Bayan garejin Barau, a Ƙofar Ƙaura,
wata 'yar mota ta durƙusa kan bulo huɗu.
Ɗan Italiya mai aikin kwalta ya kawo ta gyara,
ya ce, "Sai Laraba."
Shekara arba'in ke nan.

Barau ya aika wa maƙeranta wasiƙa
yana neman kafireto.
Ambulan ya dawo, ba a buɗe ba.
Ashe kamfani ma yakan mutu,
ba zaman makoki, ba sadakar uku.

Haruffan sunanta sun zube, saura biyu.
Kaza ce direba yanzu, tana kwanci.
'Yan gwangwan sun taya, sun ƙara tayawa.
Barau ya goge hannu da tsumma:
"Ba tawa ba ce.
Mai ita ya ce Laraba."