Gayyar Laka

Kaka Ngatiyem ta ce nan ne gonarsu.
Da haɓa ta nuna, hannunta na riƙe da igiya.
Muka duba, ruwa ne har inda ido ya gaji,
sai turken lantarki guda a tsakiya
kamar baƙon da aka manta a zaure.

A gaɓarmu ta arewacin Jawa teku ba ya sallama.
Ya ci gonakin shinkafa, muka ce ya ƙoshi,
ya ci filin ƙwallo, ya lashe hanyar kasuwa.
Sau uku muna ɗaga daɓen masallaci
har liman ya koma shiga a sunkuye.
Kabarin mahaifina sai da kwalekwale,
can ma da kirdado nake tsayawa,
wataƙila maƙwabcinsa nake yi wa fatiha.

Darmaji mai gyaran injin jirgi ya kira gayya,
sunayenmu a bayan kwalin taba.
Mu goma sha tara, ranar Lahadi, ruwa ya ja baya.
Wartini ta rufe shago, ta zo da tukunyar shayi.
'Yan makaranta suka ɗauko dashen bakau,
itacen da ke tsayawa a ruwan gishiri,
saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun zalɓe.

Laka ba ta san babba ba.
Ta riƙe malamin lissafi har kwankwaso,
ɗalibai biyu suka tumɓuke shi kamar rogo.
Ta haɗiye takalmin Sugeng na hagu,
ya yi ta lalube yana zagin kakanninta.
Ka soka gora, ka tura dashe, ka ɗaure,
ka ja ƙafa taku biyu, ka sake.
Dubu biyu muka dasa kafin ruwa ya kore mu.

A Janairu iska ta zo da dare.
Da safe 'yata Lastri ta shiga ƙirga,
ta fito da lamba a tafin hannu:
ɗari da arba'in da ɗaya.
Ba wanda ya ce uffan.
Sugeng ya tofar da yawu, ya ce shi kam
ya gama yi wa teku sadaka.

Kaka ta gama shayinta tukuna.
Ta ce, kun ajiye jariri a bakin ƙofa.
Ku fara yi wa laka shinge ta zauna,
itace zai zo daga baya.

Muka kafa gora layi biyu a cikin ruwa,
muka cusa ƙirare a tsakani,
igiyar ruwa ta shigo da laka, ta fita ba ita.
Wata bakwai. Hannuwa suka tsage, gishiri ya shiga.
Wata Lahadin mu shida ne, har da mai shayi.
A mako na tara sai ga Sugeng da guduma,
wai takalminsa ya zo nema.

Shekara huɗu ke nan.
Bakau ya fi Lastri tsawo, ita ma ba ta tsaya ba.
Ƙaguwa ta dawo, tsuntsaye sun dame mu da asuba.
Kaka ba ta ga gonarta ba,
a kan tudu muka binne ta, garin wasu.
In wata ya cika, ruwa na shiga madafina har yau,
da can gwiwa, yanzu idon sawu.
Na zana alamar da ƙusa a jikin ƙofa.

Jiya Lastri ta ƙwala kira daga cikin saiwoyi.
Takalmi ne, na hagu, ya yi kore,
wata 'yar ƙaguwa ta tare a ciki.
Sugeng ya duƙa ya daɗe yana kallo.
Ya ce a bar mata,
ai ɗayan ma tuni ya jefar.