Takalmin Hagu

Ni ne Gaspare, baduku a Chioggia.
Shagona na kallon ruwa, ruwa na kallon shagona.
Shekara arba'in ina ɗinke takalman masunta,
amma akwai ɗaya rataye a ƙusa,
ba na sayarwa ba ne, ba na gyara ba.

Na hagu ne, lamba arba'in da ɗaya.
Gefen ciki ya suɗe kamar bakin tsohon cokali,
hancin kuwa sabo fil.
Wanda ya san fata zai karanta:
mai wannan ba dukan ƙwallo yake ba,
miƙa ta yake yi.

Ilario Boscariol, ɗan mai suyar kifi,
ya fara zuwa yana shekara tara,
tafin takalminsa na hamma kamar kifi a tudu.
Uwarsa ta biya ni da sardin shida a takarda.

Yana sha bakwai jirgin ƙasa ya ɗauke shi.
Aro a Kudu, inda ake zaginsa da bakin da bai iya ba,
aro a gindin duwatsu, inda ƙanƙara ke cizon yatsa.
Benci ya cinye masa wando biyu.
Sai wani koci mai tari, taba a bayan kunne,
ya ce: "Tsaya nan tsakiya, yaro.
Huhunka na kaza ne, idonka na shaho.
Bar ƙwallo ta yi maka gudun."

Kaka sha huɗu a babban rukuni,
ƙungiya huɗu, gari huɗu, akwati ɗaya.
Sau bakwai kacal ya girgiza raga,
biyu da gwiwa, ɗaya ma bai nufa ba.
Masu lamba tara suka yi suna a kan guminsa,
kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ran Litinin jarida ta buga hoton mai ci,
can a gefe, rabin kafaɗar Ilario.
Ni kafaɗar nake yankewa in ajiye.

Kiran ƙasa ya same shi da furfura uku a gemu.
Wasan sada zumunci, dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Muka cika mashayar Nerina har ƙofa,
masunta da ƙarnin kifi, fada da rigarsa.
Aka sa taken ƙasa,
leɓensa bai motsa ba, haɓarsa ce ke rawa.

Sai minti na saba'in da tara aka ɗaga allo.
Shuɗiyar rigar ta yi masa yawa a kafaɗa.
Na ƙirga da yatsu masu kanta:
sau tara ya taɓa ƙwallo,
takwas suka je inda ya aike su.
Ta tara ta fice fili.
Nerina ta rantse iska ce.
Aka tashi babu ci,
wayar kuma ba ta sake ƙara ba.

Daga baya gwiwa ta ce ta gaji.
Likita ya yanka, ya ɗinka,
ɗinkin da ni ba zan karɓi kuɗinsa ba.

Ya dawo wata Talata, ba ganga ba tuta,
yana ɗingishi a kan gada,
ya ajiye wannan a teburina.
"Da shi na shiga daren nan," in ji shi.
Na ce, ina na dama?
"Mama ta shuka ɗoɗɗoya a ciki."

Yanzu da yamma, bayan kasuwar kifi,
za ka ji shi yana wa yara tsawa:
"Ɗaga kai! Duba kafin ta zo!"
Jiya wata yarinya ta shigo daga can
da takalmi mai hamma a hannu.
Na juya shi. Gefen ciki ya fara suɗewa.
Na ce ta dawo Alhamis.