Kati Mai Lamba Ɗari Huɗu da Tara

Ni ke riƙe da katuna a ɗan asibitin nan na Gyaɗi-Gyaɗi.
Na Malam Sallau, ko an ɗauke wuta zan lalubo shi:
ya yi kauri kamar littafin bashi,
har an ɗinke bayansa da zaren buhu.

Litinin gwiwa ce.
Laraba kunne ke ƙugi kamar injin markaɗe.
Ran Asabar wani abu ne ke yawo
a ƙarƙashin haƙarƙari,
ba shi da suna.

Dakta Nafi'u ya naɗa masa robar awo a dantse,
ya matsa, ya saurara.
"Baba, jininka ya fi nawa kyau."
"To, ɗan ƙara dubawa."

Daga nan sai tsadar tumatir a 'Yankaba,
sai kwatar layinsu da ta toshe,
sai Hajiya Dudu, wadda ta san gishirin miyarsa,
damina biyu ke nan tana kwance a maƙabartar Tarauni.

'Yan layi na tsaki.
Ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe mini.
Kuɗin adaidaita ya fi na maganin,
farasitamol ne dai, ƙwaya shida.

Makon jiya bai zo ba.
Wannan ma shiru.
Benci ya yi faɗi.
Dakta ya leƙo sau uku, wai biro yake nema,
ga biro a aljihunsa.

Da la'asar ya ce, "Talatu, karanto min adireshin."
Tawada ta koɗe,
saura "kusa da mai shayi."
Ya ɗauki robar awo,
ya ɗauki makullin mota.