Idon Baba a Bakin Kyamarata

A ƙarƙashin gadon Baba, a Aboabo,
cikin gwangwanin biskit da tsatsa ta ci,
na tarar da idanun kyamara uku naɗe a tsohon rawani,
da baƙar kyamararsa mai cin fim,
wadda ta halarci rabin sunayen Asawase
tun ba a haife ni ba.

Na ɗauki na hamsin, mai nauyin dutsen guga,
na kara shi a bakin tawa mai allo a ƙeya,
na murɗa da bismilla.
Ƙas! Ya zauna daram.
Na ce ashe gidansu ɗaya.

Na danna, bai nemo kowa ba.
Shi ba ya karɓar umarnin batir.
Sai da na kama wuyansa da yatsu biyu,
ina lallashi, dama, hagu, dama kaɗan,
sannan fuskar Inna Lamisi ta bar dishi-dishi,
har zanen kuncinta ya fito.

Ranar sunan ɗan Fuseini
na tsaya inda Baba ke tsayawa, gindin famfo,
taku takwas daga bakin ƙofa.
A tsohon hotonsa mutum sha ɗaya ne a jere.
A nawa, bakwai.
Kawu Awudu saura kafaɗa,
mai kokon gefe ta ɓace har da tukunya.
Na ja baya, na ƙara ja,
sai da diddigena ya sha ruwan kwata.

Na hau mota zuwa Adum,
shagon Opanyin Bediako, ƙarƙashin matakala,
inda matattun kyamarori ke rataye kamar kilishi.
Ya hura gilashin, ya duba shi a hasken ƙofa,
ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Ido ba ya da laifi, 'yata.
Tuwon da ya saba kwasowa shi ya kwaso.
Fim akushi ne, naki ɗan faranti.
Abin da ya zuba a gefe, ƙasa ta cinye."

To, na ce, bari in juya hannu.
Na cire sabon idona mara nauyi, na roba,
na ɗaura wa tsohuwar Baba.
Na sayi fim da kuɗin da zai ci da ni kwana huɗu,
na zaga Kejetia ina ƙirga dannawa
kamar mai ƙirga sauran ashana.
Mako uku kafin wankin ya dawo daga Accra.

Talatin da shida, duk kamar leƙe daga cikin rijiya.
Kusurwa huɗu baƙi ƙirin,
masu tallan doya a tsakiya, cikin da'ira,
su ma duhu ya taɓa su,
don sabon ido ba shi da zoben buɗe haske,
jira yake wata waya ta ce masa buɗe,
ita kuwa tsohuwa ba ta san wannan yare ba.

Bediako ya yi dariya har da tari.
"Sa'a kika yi madubin ciki bai mare shi ba.
Wani na zuwa nan da hawaye."
Ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya.
Ya ce Mumuni mai hoto ya taɓa ba shi aron murfi,
bai mayar ba.

Yanzu na hamsin ɗin ne a kyamarata kullum.
Akwai wani siririn karce a gefensa,
da la'asar yakan ja zaren haske
ya ratsa kan duk wanda ke dama.
Ban san ranar da ya same shi ba,
ba kuma wanda zan tambaya.

Jibi akwai suna a gidan su Fuseini kuma.
Na riga na auna: taku sha biyu,
ƙafa ɗaya a kan dutse, ɗaya tsallaken kwata.
Kawu Awudu ya ce in bai fito da kunnuwansa biyu ba
kada in ƙara gaishe shi.