Kalmasa

Shekara talatin ina ɗinki a kasuwar Garwa,
tef ɗina abu uku ya sani:
tsawo, faɗi, kauri.

Sai ga Uwani ta zo hutu daga jami'ar Ngaundere,
ta hau buhun ƙyallaye tana ɓare gyaɗa,
wai, "Baba, ƙila ba uku ba ne.
Lissafin wasu ya kai tara, har goma.
Sauran a naɗe suke, ƙanana,
kafar allura ma fili ce a wajensu."

Na ce, ina shaida? Ta ce, babu tukuna.

Ta jawo zare daga bakin keke:
"Daga nesa layi ne. Matso."
Na matso. Ashe murɗaɗɗe ne, da ciki da baya,
kiyashi sai ya kewaye shi.

Da dare barci ya ƙi.
Na tuna rigarta ta aji ɗaya,
yadda na ɓoye yatsa huɗu na yadi cikin kalmasa,
ba wanda ya sani
sai da ta yi tsawo na warware.

Ban gaya mata ba.
Da safe dai na daɗe a bakin Binuwai,
inda sama ta haɗu da ruwa,
ina neman bakin ɗinkin.